Amalanken da Ya Tsallaka Teku Ya Bar Mai Shi a Gida: Nazari Kan John Constable da Baje Kolin Faris na 1824

A watan Agustan 1824 aka buɗe babban baje kolin zane-zane na Faris a fadar Louvre, wanda Faransawa ke kira Salon. A wancan zamani babu wani dandalin masu zane a Turai da ya kai shi martaba. Cikin ɗimbin ayyukan da aka rataya akwai guda uku na wani Bature ɗan Ingila mai shekara 48, John Constable, wanda aikinsa shi ne zana shimfiɗar ƙasa: kogi, gona, itatuwa, gajimare. Kafin a rufe baje kolin, matasan masu zane na Faransa sun yi ta kai da komo gaban ayyukansa, an ɗauke biyu daga ciki an mayar da su babban zaure, sannan sarkin Faransa ya ba shi lambar zinare. Shi kuwa duk wannan bidiri a wasiƙa ya ji shi. Bai je Faris ba a lokacin, bai je daga baya ba, har ya koma ga Mahaliccinsa a 1837 bai taɓa taka wata ƙasa ba bayan tasa.

Abin da ya ja hankalina ga wannan lamari shi ne tambayar da duk mai zanen da aka gayyata baje koli a ƙetare zai yi wa kansa: me fitar aikina waje za ta ba ni, me kuma ba za ta iya ba ni ba? Labarin Constable ya amsa duka biyun, kuma amsar ba ta zo daidai da abin da aka saba ji ba.

Mutumin da garinsa

An haifi Constable a 1776 a ƙauyen East Bergholt da ke yankin Suffolk, a gabashin Ingila. Mahaifinsa, Golding Constable, attajirin hatsi ne mai injinan niƙa a bakin kogin Stour, a Flatford da Dedham, da jiragen dakon gari. Yaron ya tashi cikin ƙarar ruwa da ƙurar gari, ya kuma yi aiki na ɗan lokaci a harkar gidansu. Mai injin niƙa na iska dole ya iya karanta sama, ya san wane gajimare ne ke tafe da ruwa, wane ne zai wuce. Wannan ido ya shigo da shi cikin zane.

Sai dai sana'ar da ya zaɓa tana da darajoji. A makarantun zane na Turai, zanen tarihi da na labaran addini ne ke kan gaba, sai zanen fuskokin manya, wanda shi ne ke kawo kuɗi a Ingila. Zanen shimfiɗar ƙasa yana can baya. Idan ma za a yi shi, ana so ya bi sawun tsofaffin masu zane irin su Claude Lorrain da Poussin: tsaunukan Italiya, kangon tsofaffin gine-gine, haske ruwan zuma, launi mai duhun ƙasa-ƙasa. Ana ba da labarin cewa Sir George Beaumont, wani mai faɗa a ji kuma masoyin Constable, ya taɓa ce masa zane mai kyau launinsa ya kamata ya yi kama da na tsohuwar goge. Constable bai yi gardama da baki ba. Ya ɗauki gogen ya ajiye a kan ɗanyar ciyawa, ya bar ido ya yi hukunci.

Irin wannan taurin kai ya jawo masa jinkiri. Turner, wanda ya girme shi da shekara ɗaya kacal, ya zama cikakken ɗan majalisar masu zane ta Royal Academy tun 1802. Constable sai a 1819 ya samu matakin farko na shiga, yana da shekara 43, da mata da 'ya'ya. Dabarar da ta buɗe masa wannan ƙofa ita ce girma. Ya lura cewa a bangon baje koli, inda ake cusa zane kan zane tun daga ƙasa har rufi, ƙaramin aiki ɓacewa yake yi. Sai ya fara yin manyan zane masu faɗin ƙafa shida, ya ɗora musu abubuwan da ba a saba ba su wannan girma ba: doki a kan jirgin fito, yara masu kamun kifi, bakin madatsar ruwa. Na farkonsu, mai farin doki, amininsa John Fisher, limamin coci a Salisbury, shi ya saya kan gini 100, wato fam 105. Na biyu ma Fisher ne ya saya. Idan mai sayenka ɗaya ne kuma abokinka ne, ka san kasuwa ba ta buɗe ba tukuna.

Zanen kansa

Na uku a jerin shi ne wanda duniya ta sani yau da The Hay Wain, wato amalanken ɗaukar ciyawa. Constable da kansa sunan da ya ba shi lokacin da ya nuna shi a Landan a 1821 bai wuce "shimfiɗar ƙasa da tsakar rana" ba. Tsayinsa santimita 130 ne, faɗinsa 185.

Ka tsaya gabansa, abin da za ka fara gani ruwa ne mara zurfi, da amalanke a tsakiyarsa, dawakai na ja, da ɗan jan kyalle a wuyansu. Amalanken fanko ne, ya nufi fadamar da ke can nesa ta hannun dama, inda masu yankan ciyawa suka zama 'yan ɗigo-ɗigo cikin rana. Ta hagu akwai gida mai jan rufi, hayaƙi na fita a hankali, wata mace ta durƙusa a bakin ruwa. Kare na tsaye a gaɓa yana kallon masu amalanke. Gidan na wani manomi ne, Willy Lott, maƙwabcin injin niƙan Flatford, kuma har yau yana nan tsaye. Sama kuwa ta cinye wajen rabin zanen, gajimare na taruwa, irin wanda manomi ke ɗaga kai ya duba kafin ya yanke shawarar kwashe ciyawa yau ko gobe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a bakin kogin aka yi wannan aiki ba. A ɗakin aikinsa na Landan ya yi shi, cikin hunturu, daga ƙananan zane-zanen da ya tara shekara da shekaru. Da ya zo kan amalanken ma sai da ya aika gida aka zano masa siffarsa aka aiko. Kafin ya taɓa ainihin kyallen, ya yi gwaji mai girman zanen gaba ɗaya, da buroshi a sake, wanda yanzu ke gidan tarihi na Victoria and Albert. A daidai wannan lokaci, cikin 1821 da 1822, yana hawa tudun Hampstead da ke gefen Landan yana zana gajimare tsagwaronsa, ya juya bayan takardar ya rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, da inda iska ke kaɗawa. Wannan ba aikin mai gaggawa ba ne.

Amma da gaggawa aka zarge shi. Masu kallo a Landan sun saba da zane mai santsi wanda ba a ganin sawun buroshi. Shi kuwa yana barin fenti da kauri, yana yayyafa farin ɗigo a kan ruwa da ganye don ya kama ƙyallin haske, abin da masu suka daga baya suka riƙa kira ƙanƙarar Constable. A wurinsu aikin bai ƙarasa ba. An yaba masa sama-sama, aka rufe baje koli, zanen ya dawo gida ba mai saye.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba. Kwanciyar hankalin da ke cikin zanen ba ita ce dukkan gaskiyar Suffolk ta lokacin ba. Bayan yaƙin Napoleon farashin hatsi ya faɗi, 'yan ƙwadagon gona sun shiga matsi, har a 1822 aka riƙa ƙona tarin amfanin gona ana farfasa injinan sussuka a yankin. Constable ɗan masu dukiya ne, kuma ƙauyen yarintarsa yake zanawa. Wannan bai rage wa aikin kyau ba a idona, amma ya kamata mai kallo ya san ta wace taga ake leƙa masa.

Yadda aka yi ya tafi Faris

Baƙi ne suka fara ganin abin da 'yan gida suka wuce. Géricault, mai zanen Faransa da ke Landan a 1821, ya ga zanen ya koma gida yana ba da labarinsa. Marubuci Charles Nodier shi ma ya gani ya yabe shi a rubuce. Daga nan sai dillali ya shigo. John Arrowsmith, mai sayar da zane-zane a Faris, ya zo a 1822 ya taya amalanken fam 70. Constable yana cikin buƙatar kuɗi, amma ya ƙi.

Shekara biyu ana jan zance. A nan shawarar Fisher ta yi tasiri. Ya rubuta masa cewa ya bar zanen ya tafi Faris ko da an rage farashi, domin mutanen Ingila ba su da ra'ayin kansu, sai sun ga Faransawa sun rungumi abu sannan za su fara zaton akwai wani abu a cikinsa. Ya ƙara da cewa mutane ba don sha'awa suke sayen zane ba, don sun ga wasu na kwaɗayinsa ne. Magana ce mai ɗaci, kuma ta mutumin da ya san kasuwa. A 1824 aka daidaita: fam 250 a kan zane uku, wato amalanken, da wani babban zanen kogin Stour kusa da Dedham, da ƙaramin zanen bakin teku na Yarmouth a matsayin gyara.

A duba lissafin. Manyan zane biyu da ƙarami ɗaya kan fam 250 bai yi nisa da farashin da Fisher ya biya ba. Ƙin karɓar fam 70 ya yi amfani, amma ba wata garaɓasa aka samu ba. Muhimmin abin shi ne, daga ranar da aka biya kuɗin zanen ya tashi daga hannunsa. Arrowsmith ne ya kai su Faris, ya fara nuna su a shagonsa, shi ne kuma ya shigar da su baje kolin. Na ukun da aka rataya a Louvre kuwa wani zanen Hampstead ne. Ke nan shigar Constable wannan baje koli na duniya ba shi ya tsara ta ba. Dillalai ne suka ga riba, suka yi masa hanya.

Shi kansa zuciyarsa biyu take. Ya rubuta wa Fisher yana jinjina yadda kwaruruka da gidajen gonar Suffolk masu natsuwa za su zama abin kallon mutanen Faris masu son shagali. Kada a manta, shekara tara kacal ke nan da yaƙin Waterloo, inda Ingila da ƙawayenta suka ci Napoleon na Faransa. Mutumin da ya girma yana jin Faransa abokiyar gaba ce, yau ita ke tafa masa.

Abin da ya faru a Louvre

Baje kolin 1824 fagen fama ne tun kafin zanen Ingila su iso. A gefe ɗaya ga Ingres da zanensa na alwashin Louis XIII, mai tsabtar layi da santsi. A ɗaya gefen ga Delacroix, ɗan shekara 26, da zanen kisan kiyashin tsibirin Chios, mai zafin launi da hargitsi. Ana cikin wannan ja-in-ja tsakanin tsohon tsari da sabon jini sai ga wani baƙo da bai san ana yi ba, ya kawo ruwa da ciyawa da gajimare, ya kuma zana su ta hanyar da matasan ke nema ba su kai ga samu ba.

Delacroix ya ga zane-zanen a wurin Arrowsmith tun watan Yuni, ya kuma rubuta haka a kundin ajiyar tunaninsa. Labarin da ya yaɗu daga bakin na kusa da shi shi ne, bayan ya gani ya koma ya sake taɓa nasa babban zanen, musamman sararin baya. Shekaru bayan haka ya rubuta abin da ya koya: koren fadamar Constable ya fi na kowa rai ne saboda ba kore ɗaya ba ne, tarin koraye ne iri-iri aka jera kusa da juna. Wanda ya taɓa kallon gona bayan ruwan sama ya san haka abin yake. Ganyen da rana ta bugi bayansa daban, wanda ke inuwa daban, wanda ruwa ya kwanta a kansa daban. Mai zanen da ya dama kore ɗaya ya shafe fili da shi ya kashe gonar.

Masu sharhi sun rabu. Stendhal ya yaba gaskiyar aikin, ya ce kamar madubi aka ɗora wa halitta, amma ya yi ƙorafin cewa babu wata ɗaukakar manufa a abin da aka zaɓa a zana. Wasu suka ce ai wannan zanen gwaji ne aka rataya. Wani ɗan Ingila da ya ziyarci zauren ya rubuto wa Constable cewa ya ji wani yana ce wa abokinsa ya zo ya ga aikin Baturen Ingila, ƙasa kamar raɓa ta kwanta a kanta. Bayan 'yan makonni, shugaban gidajen tarihi na Faransa, Comte de Forbin, ya sa aka ɗauke manyan zanen biyu daga inda aka fara rataye su aka kai su wuri mai daraja a babban zaure. A ganina wannan ya fi lambar zinaren nauyi, domin amsa ce ga abin da masu kallo suka nuna da ƙafafunsu.

Sarki Louis XVIII ya rasu a watan Satumba ana tsakiyar baje kolin, don haka ƙaninsa Charles X ne ya raba lambobin a Janairun 1825. 'Yan Ingila uku suka samu zinare: Constable, da Richard Parkes Bonington, matashin da ke zaune a Faransa, da Copley Fielding. An kira sunan Constable a zauren da ba ya ciki.

Abin da ya biyo baya

Na ɗan lokaci kasuwa ta buɗe. Arrowsmith da wani dillali na biyu, Claude Schroth, suka yi ta ba da odar sababbin ayyuka, har ana yawan cewa cikin 'yan shekarun nan ya sayar da zane sama da 20 a Faransa, kwatankwacin abin da ya sayar a Ingila tsawon rayuwarsa. A 1825 aka nuna zanen farin dokin a birnin Lille, ya sake samun lambar zinare. An yi ta roƙonsa ya zo Faris ko na mako ɗaya ne, ya ƙi. Ya ce gara ya zauna matalauci a gida da ya zama mai arziki a waje.

Sai igiyar ta tsinke, kuma daga wuri mafi siriri. A ƙarshen 1825 Arrowsmith ya zo ɗakin aikinsa a Landan, ya tarar da aikin da ya yi oda bai kammala ba, ya yi magana da gatsali a gaban wani. Constable mutum ne mai saurin jin zafi. Ya soke cinikin da ke tsakaninsu. A shekarar da ta biyo, Schroth ya karye. Dillalai biyu ne dama ke riƙe da duk harkarsa a Faransa, kuma cikin shekara guda babu ko ɗaya. Da ya aika zanen gonar alkama baje kolin Faris na 1827, bai tayar da ƙura irin ta farko ba, ya dawo ba a saya ba.

A nan nake ganin kuskurensa, kuma ina faɗa ne da girmamawa. Ƙin komawa Faransa da zama daidai ne. Ƙarfin aikinsa daga sanin wuri ɗaya yake fitowa, shi da kansa ya ce wuraren da ya tashi su zai fi iya zanawa, kuma da ya koma zana kogin Seine don ya faranta wa masu saye, da ya zama ɗaya daga cikin ɗari. Amma ƙin zama daban, ƙin ziyara daban. Da ya je ya gaisa da Forbin, ya zauna da Delacroix da sauran matasan da ke ɗaukarsa malami, ya san masu sayen aikinsa ido da ido, da faɗa da dillali ɗaya bai rufe masa ƙasa guda ba. Ya bar wa wasu riƙon zumuncin da shi ya kamata ya riƙe. Ga kuma raini da ya hana shi ganin girman abin da ya samu: ya taɓa cewa masu zanen Faransa daga zane suke koyon zane, saninsu da halitta bai wuce sanin da dokin hayar birni ya yi wa makiyaya ba. Akwai gaskiya a ciki game da tsofaffin. Amma matasan da suka tsaya gaban amalankensa suna neman fita daga wannan hali ne, shi kuma bai miƙa musu hannu ba.

Sai dai a yi masa adalci. Matarsa Maria tana fama da tarin fuka a waɗannan shekaru, yana ta kai iyali Brighton da Hampstead neman iska mai kyau, ga yara ƙanana. Ta rasu a 1828 ta bar masa 'ya'ya bakwai. Mutumin da ke cikin wannan hali ba lallai ne tafiyar neman suna ta shiga ransa ba.

Hasashen Fisher fa, cewa Ingila za ta farka idan Faransa ta yaba? Bai cika da wuri ba. Sai a 1829 aka zaɓi Constable cikakken ɗan Royal Academy, yana da shekara 52, da rinjayen ƙuri'a ɗaya, shugaban majalisar Sir Thomas Lawrence kuma ya nuna masa cewa ya yi sa'a, tunda akwai masu zanen tarihi da ke jira. Lambar zinare biyu daga ƙetare ba su sauya ma'aunin gida ba. Abin da suka ba shi ya fi kama da shaida: tabbacin cewa idonsa ba ƙarya yake masa ba, a lokacin da yake da dalilin yin shakka.

Ribar da ta fi daɗewa kuwa ba aljihunsa ta shiga ba. Paul Huet, da Théodore Rousseau, da sauran waɗanda daga shekarun 1830 suka riƙa fita dajin Fontainebleau suna zana itatuwa da gonakin ƙasarsu kamar yadda suke, har aka san su da sunan ƙauyen Barbizon, sun samu ƙwarin gwiwa daga abin da aka gani a 1824. Ba Constable kaɗai ya haife su ba, tsofaffin masu zanen Holan ma suna da kaso babba. Amma shi ya nuna a bangon Louvre cewa bakin kogin ƙauye, ba tare da wani gwarzon tarihi a ciki ba, ya isa a ba shi ƙafa shida.

Amalanken ya yi shekaru a Faransa kafin ya koma Ingila a 1838, shekara ɗaya bayan rasuwar mai shi. Ya bi hannun masu tara zane har ya isa ga Henry Vaughan, wanda ya ba da shi kyauta ga National Gallery ta Landan a 1886. Abokin tafiyarsa, zanen kogin Stour kusa da Dedham, yana gidan tarihi na Huntington a Kalifoniya, farin dokin kuma yana Frick a birnin New York.